Zauren masu son jita: albam ɗin dandamali, 'yan bumburutun tikiti da finafinan makaɗa

Kabiru Fagge: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanku da warhaka. Shawara nake nema wajen manya. Tun da na kalli wasan da Mdou Moctar, makaɗin jita na Nijar, ya yi kai-tsaye a gidan rediyon KEXP na Amurka, waƙoƙin situdiyo suka fara yi mini lami a kunne. Waƙar ita ce dai, amma ta kai-tsaye ta fi tsawo, ta fi zafi, mai gangar ma sai ka ce wani mutum aka canzo. To ina son in shiga albam ɗin rok da aka naɗa a dandamali gaban jama'a. Da wanne zan fara, kuma a ina ake samu? Ku tuna da tsadar data, abin da zan sauke sau ɗaya in ajiye nake so.

Baba Ɗanjuma Jos: Wa alaikumus salam ɗana. Uku zan ba ka, kuma kada ka haɗa su rana ɗaya, kowanne ka ba shi mako guda.

Na farko Live at Leeds na The Who. An naɗe shi ranar 14 ga Fabrairu 1970 a ɗakin cin abincin ɗalibai na jami'ar Leeds a Ingila. Faifan farko waƙa 6 ne kacal, kwalinsa ruwan ƙasa ba wani ado, da gangan aka yi shi ya yi kama da faifan sata. Mutum uku ne ke riƙe da kayan kiɗa, ɗaya na waƙa, amma ƙarar da ke fita za ka rantse sun kai goma. Ka bar jitar gaba tukuna, ka sa kunnenka kan John Entwistle mai jitar bes da Keith Moon mai ganga. A nan abin yake.

Na biyu Made in Japan na Deep Purple, wanda aka ɗauka a Osaka da Tokyo cikin watan Agusta 1972. Idan ka saba da waƙoƙin a situdiyo za ka ga yadda Ritchie Blackmore da Jon Lord ke jefa wa juna kiɗa, wannan ya faɗa da jita, wancan ya amsa da ogan, mai kama da fiyano, babu mai son ya sauka. Waƙar ƙarshe ta kusa minti 20.

Na uku kuma shi ne wanda na fi ƙauna, Band of Gypsys na Jimi Hendrix. Daren shiga shekarar 1970 suka yi wasannin a Fillmore East da ke New York, shi da Billy Cox da Buddy Miles. Akwai waƙa mai suna Machine Gun, ta haura minti 12, lokacin ana tsakiyar yaƙin Vietnam. Jitar kaɗai ta yi ƙarar harbi, ta yi ƙarar jirgi, ta yi kukan mutane. Ni na girma da labarin yaƙin basasarmu a kunne, shi ya sa ban taɓa jin wannan waƙa ina wani aiki ba. Zama nake yi.

Kabiru Fagge: Allah ya ƙara girma Baba. Na rubuta su.

Isuhu Agadas: Ina wuninku. Baba ya faɗi na can, bari in faɗi na gida, tun da Kabiru ta ƙofar Mdou ya shigo.

Ka nemi Niger EP na Mdou, kashi na ɗaya da na biyu, sun fito 2022. Yawancinsu ɗauka ce da aka yi nan Nijar wajen biki da zaman gida da gwaji. Za ka ji hayaniyar mutane, za ka ji sifika na neman tsagewa. Haka kiɗan yake a wurinmu, ƙasa ake shimfiɗa tabarmi, a tada janareto, matasa su zagaye da babura.

Sannan Etran de L'Aïr. Waɗannan 'yan gida ɗaya ne daga nan Agadas, tun wajen 1995 suke kaɗa bikin aure, kuma sun yi suna ne a matsayin makaɗan da talaka ke iya ɗauka. Albam ɗinsu na farko, No. 1, a waje aka naɗe shi, da guɗar mata da tafin yara duk a ciki. In kana son mai sanyi, Les Filles de Illighadad suna da At Pioneer Works, an ɗauka a Brooklyn 2019, ya fito 2021. Fatou Seidi Ghali ce ke jita, suna haɗawa da tende, kiɗan turmi na matan Abzinawa. Bombino yana da Live in Amsterdam na 2020. Tinariwen na Mali suna da Live in Paris, wanda suka yi a ƙarshen 2014 tare da tsohuwa Lalla Badi.

Abin da da yawa daga mutanen Najeriya ba su sani ba, albam ɗin Mdou na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi cikin 2008, da irin na'urar gyaran muryar da ake sa wa waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a shago ya yaɗu ba, daga salula zuwa salula ya bi, ta bulutut da katin memori, har ya kai Kidal ta Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsince waƙar ya sa ta cikin Music from Saharan Cellphones, sannan ya shiga neman mai ita.

Zainab Kaduna: Ikon Allah, Sakkwato! Malam Isuhu wannan sabo ne a wurina. Zan nema in ji yadda muryar take.

Bashir Bronx: Salam jama'a. Kabiru, akwai abu ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu. Ba duk albam da aka rubuta an ɗauka a dandamali ne yake zuwa yadda aka kaɗa shi ba. Da yawa ana komawa situdiyo a sake murya, a gyara jitar da ta kauce, har tafin jama'a a ƙara. Alive! na Kiss na 1975 su da kansu sun amsa an yi masa gyara sosai. Live and Dangerous na Thin Lizzy na 1978 har yau ana musu a kai, Tony Visconti da ya haɗa shi ya ce an sake kaso mai yawa, 'yan ƙungiyar suka ce kaɗan ne. Ni dai in an taɓa, ya fita daga lissafina.

Zainab Kaduna: Yaya Bashir a nan ban bi ka ba. Live and Dangerous yana da daɗi ko ba shi da shi? Yana da shi. Phil Lynott ya riƙe jama'ar nan a tafin hannunsa, kuma wannan ba a ƙirƙirarsa a situdiyo. In an gyara wata waya da ta tsinke ban ga laifi ba.

Bashir Bronx: Daɗi kam akwai, ƙanwata. Amma abin da Kabiru ya ce ya ja shi shi ne jin mutane na kiɗa ba tare da damar sakewa ba. Kuskuren ma yana cikin abin da ake saye. In an share shi, me ya rage da ya bambanta da situdiyo?

Baba Ɗanjuma Jos: Ku biyun ku haɗu a kan Alchemy na Dire Straits. An ɗauka a Hammersmith Odeon na Landan cikin Yuli 1983, kuma a jikin kwalin sun rubuta cewa ba a sake komai ba, ba a ɗora komai ba. Sultans of Swing ta can ta kusa ninka ta situdiyo tsawo. Mark Knopfler da yatsu yake kaɗawa, ba ya riƙe maɓallin roba.

Isuhu Agadas: Baba ka taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Knopfler da Hendrix su ne waɗanda matasan Abzinawa suka yi ta kallo a kaset lokacin gudun hijira a Aljeriya da Libiya. Bombino ya sha faɗin haka. Duk wanda ya ji Alchemy sannan ya ji jitar Agadas zai gane zumuncin.

Kabiru Fagge: To batun inda ake samu fa? A nan Kano in ka je wajen masu turi ka ce Deep Purple, kallonka kawai za su yi.

Lawali Maraɗi: Barkanku. Ina Faransa amma ina biye da ku. Tsofaffin da Baba ya lissafa duk suna Spotify da YouTube, kuma Spotify ya shiga Najeriya tun 2021. In ka biya kuɗin wata kana iya saukewa ka ji ba data. Ka kula dai, albam irin Live at Leeds yana da bugu da yawa, akwai mai waƙa 6, akwai mai 14, akwai mai wasan gaba ɗaya. Ka fara da gajeren, shi ne aka tace.

Na Nijar kuwa ina roƙonka ka bi ta Bandcamp in da hali. Can kana saye ne ka mallaka, ka sauke ya zama naka, kamfanin ya ɗauki kaso 15 cikin 100, sauran ya tafi ga makaɗi da wanda ya fitar masa. Akwai ranakun Juma'a da suke yafe nasu kason gaba ɗaya, sun fara haka tun Maris 2020 lokacin korona. A 2020 ɗin ma Sahel Sounds suka yi wani tsari mai suna Music from Saharan WhatsApp, makaɗi ya naɗa da salularsa ya aika, a ɗora wata guda, kuɗin ya tafi gare shi. Etran ne suka buɗe.

Bashir Bronx: In ƙara da kyauta ta halal. A Internet Archive akwai sashen da ake kira Live Music Archive, dubban wasanni ne na ƙungiyoyin da suka ba da izini a naɗe su a raba. Grateful Dead ne suka kafa wannan al'ada, har wuri suke ware wa masu rikoda a filin wasa. Ka nemi wasansu na jami'ar Cornell, 8 ga Mayu 1977. Pearl Jam kuma a rangadinsu na 2000 sun fitar da albam 72, kusan kowane dare da nasa, don su kashe kasuwar masu sayar da naɗin sata mai tsada mara kyau.

Kabiru Fagge: Matsalar Bandcamp katin naira ne Yaya Lawali, wani lokaci ya wuce, wani lokaci ya ƙi. Kuma gaskiya, in abokina yana da shi a waya me zai hana ya tura mini? Ai Malam Isuhu ya ce ta haka Mdou ya yi suna.

Isuhu Agadas: Gaskiya ne, ta haka ya yi suna, kuma babu makaɗin Agadas da zai yi fushi don waƙarsa na yawo a salula. Waƙar da ke yawo ita ke kawo gayyatar biki, biki ne ke ciyar da gida. Amma kai da ke Kano ba za ka ɗauke su biki ba. To ka karɓa wajen abokinka, ba komai, amma ranar da Allah ya hore ka saya ko da guda ɗaya ne. Tun juyin mulkin Yuli 2023 baƙi sun ragu ƙwarai a nan, harkar yawon buɗe ido ta kwanta. Abin da kake gani kaɗan ne, in aka canza shi zuwa sefa jikkuna ne a hannun mai iyali.

Lawali Maraɗi: Kabiru in katin ya ƙi ka yi mini magana ta gefe. A Bandcamp ana iya saya wa mutum kyauta a aika masa ta imel, sai mu daidaita.

Nafisa Manchester: Assalamu alaikum, ku gafarce ni zan katse ku da matsalar gaggawa. Wata ƙungiya da na daɗe ina jira za su zo garin nan wata mai zuwa. Ranar da aka buɗe sayar da tikiti ina wurin aiki, kafin in fito ya ƙare. Yanzu na ga wani shafi yana da su, amma ninki uku na kuɗin farko, kuma wani a Facebook ya ce zai sayar mini da rahusa in na tura masa kuɗi ta banki yau. Me kuke gani?

Bashir Bronx: Na Facebook ɗin nan ki rabu da shi yanzu-yanzu. Duk wanda ya ce ki tura ta banki kuma yau, ya san in kuɗin ya fita ba ya dawowa. Ko hoton tikiti ya nuna miki kada ki yarda, hoto ɗaya ana sayar wa mutum goma. Yawancin manyan wurare yanzu tikitin cikin manhaja yake, lambar da ake dubawa a ƙofa tana canzawa duk bayan 'yan daƙiƙu, hoton allo ba ya shigar da kowa.

Shafin mai ninki uku kuma 'yan bumburutu ne, irin na bakin gidan mai, su kwashe kaya a farashin gwamnati su koma gefe su jira ki matsu. Suna da manhajoji masu sayen ɗaruruwan tikiti cikin ƙiftawar ido. Nan Amurka an haramta waɗannan manhajoji tun 2016 amma abin bai tsaya ba. Mafi muni, wasunsu suna tallata tikitin da ba su ma mallaka ba, sai kin biya sannan su fita nema, in ba su samu ba su maido miki da kuɗi ranar wasa, kin riga kin yi asarar mota da masauki.

Lawali Maraɗi: Nafisa ga abin da za ki yi. Ki shiga shafin ƙungiyar kansu ki ga wace hanya suka amince a sake sayarwa. A Birtaniya da yawa suna amfani da Twickets, inda ba a yarda mai sayarwa ya wuce kuɗin da ya saya ba. Ki kunna sanarwa a wayarki, don in tikiti ya fito ba ya minti biyu. In ta DICE aka sayar, suna da layin jira, wanda ya fasa zuwa ya maido, a ba na gaba a farashin farko. Sannan ki riƙa leƙa shafin wurin wasan a makon ƙarshe. Bayan an kafa dandamali an ga inda sifiku da kyamarori za su zauna, sau da yawa ana sakin kujerun da aka riƙe. Kwana biyu kafin wasa kuma masu fasawa suna yawa, wannan ya yi rashin lafiya, wancan an hana shi hutu. Haƙuri ne maganin abin.

In har dole sai kin saya a wajen mai sake sayarwa, dokar Birtaniya ta 2015 ta wajabta a nuna miki layi da lambar kujera da kuɗin farko. In babu su, ki fita. Kuma ki biya da katin bashi, ya fi ba ki madafa in an cuce ki.

Nafisa Manchester: Na gode ƙwarai. Wallahi tun abin da ya faru da tikitin ƙungiyar Oasis gabana ke faɗuwa da wannan harka. Ranar 31 ga Agusta 2024 kusan duk wanda na sani a garin nan yana kan layin intanet tun safe. Mutane suka yi awanni suna jira, da suka isa gaba sai suka tarar tikitin tsayuwa na kusan fam 150 ya koma sama da fam 350, kuma a shafin Ticketmaster kansa, kamfanin da ke sayar da tikitin na asali, ba wajen ɗan bumburutu ba. An ba ka 'yan mintuna ka yanke shawara. Har hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar ta buɗe bincike. Da suka zo Heaton Park cikin Yuli 2025, waɗanda ba su samu ba kan wani tudu suka taru a wajen shinge suna saurare daga nesa.

Bashir Bronx: Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ɗan bumburutu an san ɓarawo ne. Amma idan mai sayarwa na asali ya ce tun da akwai wanda zai iya biyan ninki uku bari ni in karɓa da kaina, to wa ya rage wa masoyi? Haka aka yi da Bruce Springsteen a 2022, wasu kujeru suka haura dala 4,000, mutumin da ya yi suna da waƙar ma'aikata. Kuma kada a ce makaɗi ba shi da ta cewa. Robert Smith na The Cure ya nuna akwai. A rangadinsu na Amurka na 2023 ya ƙi yarda da farashi mai hawa, ya sa tikiti har na dala 20, ya hana a canza masa suna sai ta hanyar musaya a farashin farko. Da ya ga kuɗin hidimar da aka ɗora wa wasu ya fi kuɗin tikitin, ya fito fili ya yi magana har Ticketmaster suka maido wa mutane dala 10, wasu dala 5. Ya kuma soke wajen tikiti 7,000 da aka gano a hannun 'yan bumburutu. Wuraren suka cika, bai yi asara ba.

Pearl Jam sun fara wannan faɗa tun 1994, biyu daga cikinsu har majalisar dokoki suka je ba da shaida. Ba su yi nasara ba a lokacin. A 2010 Ticketmaster ya haɗe da Live Nation, wato mai shirya wasa da mai wurin wasa da mai sayar da tikiti suka zama gida ɗaya, sai a Mayu 2024 gwamnatin Amurka ta kai su kotu.

Lawali Maraɗi: Nan Faransa tun 2012 laifi ne ka mai da sake sayar da tikiti sana'a ba da izinin mai wasa ba, tarar ta kai yuro 15,000. Ireland ma sun yi tasu dokar a 2021. Bikin Glastonbury kuwa hoton fuskarka ne a jikin tikitin, ba ka da wanda za ka sayar wa.

Kabiru Fagge: Ni tambayata, in mutum ya saya da kuɗinsa ya sayar da riba, ba ciniki ba ne?

Baba Ɗanjuma Jos: Wanda ya saya don ya je, uzuri ya hana shi, ya sayar ya mai da kuɗinsa, babu mai zarginsa. Wanda ya kwashe ɗari bai san ko waƙa ɗaya ta makaɗan ba, ya ɓoye har sai mutane sun matsu, ɗana wannan ɓoye kaya ne, kuma ka san yadda ake kallon mai yin haka a kasuwarmu. Bai ƙara komai ba, tsayawa kawai ya yi tsakanin makaɗi da mai sauraro.

Zainab Kaduna: Mu da ba ma kusa da inda ake waɗannan wasanni, fim ne tikitinmu. Bari in ba da nawa. Stop Making Sense na Talking Heads, wanda Jonathan Demme ya ɗauka a ƙarshen 1983. Yana farawa da mutum ɗaya da jita a dandamali fayau, kowace waƙa a ƙaro mutum a turo kaya, har wuri ya cika. Babu hira, babu surutu, kiɗa ne zalla. An sake gyara shi a 2023, wannan bugun za ku nema. Sai Pink Floyd a Pompeii, 1971, sun yi wasa a tsohon filin Rumawa ba ɗan kallo ko ɗaya. Sai The Last Waltz, wasan bankwana na The Band a 1976, Martin Scorsese ya ɗauka.

Mai ƙarfin zuciya ya kalli Gimme Shelter. Rangadin Rolling Stones ne na 1969 da ya ƙare a Altamont, inda aka ba 'yan babur na Hells Angels tsaro, aka kashe wani matashi baƙar fata, Meredith Hunter, a gaban dandamali, kyamara na ɗauka. Ba na nishaɗi ba ne, amma duk mai shirya taro ya kamata ya gani.

Nafisa Manchester: Anti Zainab ba ki sa Bohemian Rhapsody ba. Ni ta nan na san Queen.

Zainab Kaduna: Da gangan na bar shi ƙanwata. Rami Malek ya yi ƙoƙari, ya cancanci kyautar da ya samu. Amma sun juya tarihi don a yi kuka. Sun nuna ƙungiyar ta watse sai babban wasan agaji na Live Aid ya haɗa su, alhali suna tare, ba su daɗe da gama rangadi ba. Sun nuna Freddie Mercury ya san ciwonsa kafin wasan na 13 ga Yuli 1985, alhali sai 1987 aka tabbatar masa. Rashin lafiyar mutum ba abin da za a matsar da kwanan watansa ba ne don labari ya yi daɗi. Ki kalli ainihin mintuna 21 ɗin na Wembley, suna YouTube, sannan ki nemi Queen Rock Montreal na 1981.

Nafisa Manchester: Na ji, amma ba don fim ɗin ba da ban taɓa neman na ainihin ba. Irina muna da yawa.

Zainab Kaduna: Wannan kam haka ne, ƙofa ce. Kada dai a tsaya a bakinta.

Anti Rabi Kumasi: Sannunku 'ya'yana, sai yanzu na karanta duka. Ba wanda ya ambaci Soul to Soul. Ranar 6 ga Maris 1971 aka yi wasan a Black Star Square na Accra, ranar bikin 'yancin Ghana, aka kwana ana yi. Wilson Pickett, Ike da Tina Turner, da Santana a lokacin ƙuruciyarsu. Manyanmu na zango da suka je sun daɗe suna ba da labarinsa. Fim ɗin yana nan. Kabiru kuma ka ƙara Black Magic Night na Osibisa, wanda suka naɗa a Royal Festival Hall na Landan a 1977. Shugabansu Teddy Osei ɗan Kumasi ne, ya rasu a Janairu 2025.

Baba Ɗanjuma Jos: Hajiya Rabi kin kyauta. Kuma akwai ɗan Najeriya a Osibisa na wancan lokaci, Mike Odumosu mai bes, wanda ya fito daga BLO ta Legas. Yaran yanzu suna ɗauka ba mu taɓa yin rok a ƙasar nan ba. Bayan yaƙi an yi BLO, an yi Funkees, an yi Ofege, waɗanda 'yan makarantar St. Gregory's ne a Obalende lokacin da suka fitar da Try and Love a 1973. Ku nemi tarin Nigeria Rock Special na kamfanin Soundway da Wake Up You! na Now-Again. Fim kuma akwai Ginger Baker in Africa, mai gangar Cream ne ya keto Sahara da mota a 1971 har Legas. Albam ɗin da ya yi da Fela mai suna Live! a shekarar ne, amma ku sani a situdiyon Abbey Road aka yi shi gaban mutane kaɗan da aka gayyata. Bashir sai ka faɗa mana ko ya shiga lissafinka.

Bashir Bronx: Ya shiga Baba. Sau ɗaya aka kaɗa, mutane na kallo. Sharaɗina ke nan.

Isuhu Agadas: Finafinan gida biyu. Agadez, the Music and the Rebellion na Ron Wyman, wanda ya bi sawun Bombino har Wagadugu inda yake gudun hijira, ya ƙare da wasan da aka yi a gindin babban masallacin Agadas a Janairu 2010 da izinin Sarkin Abzin, bayan an ajiye makamai. Wanda bai san abin da garin nan ya gani a tawayen 2007 ba zai ga mutane na rawa ne kawai. Mu mun san shekarun da jita kanta abin tuhuma ce.

Na biyu Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015, da Tamashek aka yi shi, Mdou ne jarumin. An gina shi kan Purple Rain, fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984, amma labarin namu ne, uba mai ƙin kiɗa, gasar makaɗa, da abokin hamayya da ya sace waƙa ta salula. 'Yan wasan ba ƙwararru ba ne, za ka gane haka, amma titunan da makaɗan na gaske ne. Duk wanda ya zo Yamai kuma ya tambayi inda Tal National ke wasa. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek, kuma awanni suke yi ba su sauka ba.

Nafisa Manchester: Na kunna sanarwar, na kuma toshe mutumin Facebook. Baba, in sha Allah zan zo gida hutun ƙarshen shekara, kuma akwai shagunan tsofaffin faifai da yawa a nan. In akwai wanda kake nema ka faɗa in duba.

Baba Ɗanjuma Jos: Allah ya yi miki albarka 'yata. At Fillmore East na Allman Brothers nake nema, na 1971, faifai biyu ne a kwali ɗaya, ki tabbata duka biyun suna ciki. Ki fito da kowanne ki karkata shi a haske, ƙananan layuka ba komai, amma in kin shafa kin ji kaushi a farce ki bar shi. Ki duba farashinsa a shafin Discogs na masu cinikin faifai kafin ki biya, ba sai bugun farko ba, na baya ma ya ishe ni. Wajen tahowa ki sa shi a jakar hannu a tsaye tsakanin kwali biyu, kuma daga filin jirgi kada a bar shi a bayan mota cikin rana, lanƙwashewa yake yi. Kuɗin zan ba ƙaninki ya tura miki.